Jagabar Taurari Ta Ɓata a Katabu

Mako uku ke nan da faruwar abin, amma har yau in na ɗaga kofin shayi sai na ji yana kaɗawa a haƙorana. Umma ta ce rashin cin abinci ne. Na bar ta a haka.

Zan fara da abin da nake taƙama da shi, don mai dariya ya san inda zai yi ta. Ni marubuciya ce. Wato dai ina buga labari a waya, ina turawa guruf ɗinmu na mata masu karatu, shafi ɗaya ko biyu kullum, tun da na gama sakandare na zauna jiran gurbin karatun da har yau bai iso ba. Sauran marubutan guruf ɗin soyayya suke rubutawa, kuma sun fi ni masu karatu nesa ba kusa ba. Ni kuwa da yake ba na son a ce ni ma kamar kowa ce, sai na kwashi mutanen Kaduna, da limaminsu da mai shayinsu da mai kitsonsu, na zuba su a wani ƙaton jirgi, na cilla su sararin samaniya neman sabuwar duniya.

Shafi goma na farko ba wadda ta tambaye ni yadda jirgin yake gane hanya. In na ce ya tashi, ya tashi. In na ce ya sauka, ya sauka. Sai rannan wata matar aure da ke Doka, wadda ban taɓa gani ba amma ba ta barin kuskure ya wuce ta, ta rubuto: "Marubuciya, Allah ya ƙara basira. Amma wai mutanen nan naki ina suke kallo in za su yi salla? Ko kin ɗauke musu ita ne?"

Mata suka yi ta turo dariya. Ni kuwa na ajiye wayar. Na yi mako guda ban tura komai ba. Na zaro tsohon littafin kimiyyarmu na makaranta, wanda ɓera ya ci bangonsa, na haɗa da abin da na tsinto a waya da labaran fatake da Kaka take ba mu, na zauna na gina wa jirgina hanya tun daga tushe.

Da farko na kori kalmar direba. Shugaban jirgin na kira shi madugu, mai nemo hanya kuwa jagaba, kamar yadda ayarin fatake yake da su a da. Jagabata mace ce, sa'ata, doguwa, ba ta san tsoro ba. Ba abin da muka haɗa da ita sai wushirya.

Dokarta ta farko ita ce ba a yarda da ido. Taurarin da muka sani, irin su kaza da 'ya'yanta, daga tsakar gidanmu ne kawai suke da wannan siffar. In ka yi nisa sosai, sai ka ga 'yan tsakin sun watse, kowa ya kama gabansa. Ga shi kuma hasken tauraro tsohon labari ne, ya daɗe a hanya kafin ya iso gare ka. Bin sa kamar a ce maka an ga mutum a tashar Kawo bara ne, kai kuma ka tafi nemansa can yau.

Saboda haka jagabata da kunne take aiki. Akwai wasu matattun taurari da suke juyawa suna bugawa kamar ganga, kowanne da irin kiɗansa, ba ya sauri ba ya jinkiri. Wannan ba ni na ƙirƙira ba, akwai su. Tana zama a wani ɗan ɗaki a hancin jirgin, ta rufe ido, ta kamo kiɗa uku. Ba biyu ba, uku, don tukunya ba ta zama sai a kan duwatsu uku. Daga yadda wannan bugun ya riga wancan isowa take lissafa inda suke.

Sannan tafiyar kanta. In jirgi ya ce zai bi babban titi daga wannan rana zuwa waccan, sai jikokin jikoki su mutu ba a isa ba. Sai na yi musu lunguna, irin waɗanda mutum zai shiga a bayan masallaci ya ɓullo bakin kasuwa. Ka shiga lungu a nan, ka fito a bayan wata rana. Amma a cikin lungu ba haske, ba kiɗa, ba na'urar da ke aiki. A nan jagaba take ɗaukar carbi tana ƙirga numfashinta, in ta cika adadin da aka gada daga jagabannin baya sai ta ce a karya dama. In sun fito sai su ya da zango, ta sake kasa kunne.

Amsar matar Doka kuwa na ajiye ta a tsakiyar jirgin: wata allura cikin kwanon gilashi, wadda kullum take nuna gida. Kafin kowace salla liman zai aiko wurin jagaba, ta gyara allurar da lissafinta, sannan a ja sahu. Ke nan sau biyar a yini jirgin yana tuna inda ya fito. Na rufe shafin da cewa wanda ya san inda ya fito ba ya ɓata. Ranar mata suka yi ta yabo. Wata ta ce wallahi an cuci ƙasar nan da ba a kai ni jami'a ba. Na karanta wannan saƙon ya fi sau ashirin.

To, ga ita jagabar ta gaske. A Kawo aka haife ni, a Kawo na girma, amma in an aike ni wata unguwa, shuɗin ɗigon nan na taswirar waya nake bi kamar akuya da mai dusa. Gabas kuwa na san ta a ɗakina kawai, ita ce wajen durowar kaya. In na je gidan mutane sai na tsaya da darduma a hannu har wani ya nuna mini.

Kaka ita ta haifi Umma. Idonta na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman kuma yanar ido ta rufe shi, har ya zama murya take bi ta gane mu. A daminar nan aka sa ranar yi mata aiki. Umma malamar firamare ce, ranar suna da jarrabawa, don haka ni aka haɗa da Kaka. Tsarin shi ne in an gama, Yayana zai zo da mota ya kai mu Katabu, sabon gidan Inna, ƙanwar Umma, don can ba hayaniya, kuma Inna ta iya jinya.

Da hantsi aka fito da ita, ido a rufe da auduga da filasta. Wata nas ta dube ni ta ce, "Ke ce mai kula da ita? To saurara. Wannan idon shi kaɗai gare ta. Kada ruwa ya taɓa shi, ko ɗigo. Kada ta sunkuya. Gobe da safe ku dawo a buɗe." Na gyaɗa kai irin na manya.

Sai Yaya ya kira, wai shugabansu ya tara su taro a ofis, mu jira shi zuwa la'asar. Kaka ta ce ita ta gaji da warin asibiti. Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce, "Yaya, bar shi kawai, ai na san gidan." Na taɓa zuwa, gaskiya ne. Sau ɗaya, a bayan motarsa, kaina a sunkuye ina rubutu. Amma Inna ta turo mini alamar gidan a taswira, to mene ne abin damuwa?

Abin damuwar shi ne tun da aka shiga da Kaka ɗakin aiki nake zaune a benci ina fafatawa da matar Doka kan ko allura tana aiki a cikin lungu. Awa biyu muna yi. Muna cikin mota tsakanin Kawo da Katabu, ina rubuta mata amsar da za ta kashe bakinta, wayar ta yi ɗif. Na danna, na girgiza, na hura mata iska kamar garwashi. Lambar Inna tana ciki. Ta Yaya tana ciki. Ta Umma ma tana ciki. Lamba ɗaya na haddace a duniya, tawa, ita ce kuma a mace a tafin hannuna.

Ban gaya wa Kaka ba. Da muka sauka na tsayar da keke, na ce ya shiga da mu sabuwar unguwa, zan nuna masa. Na riƙa cewa yi nan, yi can, da murya irin ta wadda ta sani. Da muka wuce wani injin niƙa karo na uku, mai keken ya taka birki.

"Hajiya, gidan wa kuke nema? Ki faɗi sunan mai gidan, a tambaya."

"Gidan Alhaji."

"Wane Alhajin? Nan ko ni in na sa babbar riga Alhaji ne."

A nan na gane ban san sunan mijin Inna ba. Shekara nawa ina cin tuwon gidansa, ina gaishe shi a durƙushe, amma Inna ba ta faɗar sunansa, Umma Alhaji take ce masa, mu kuma Alhajin Inna. Na juya wurin Kaka.

"Kaka, yaya sunan Alhajin Inna?"

"Mai sunan Malam mana."

Malam shi ne mijinta, kakanmu, ya rasu tun ba a haife ni ba. Shi ma Malam kawai na san shi da shi.

"To Malam ɗin yaya sunansa?"

"Ke, ki kiyaye ni. Sunan da ban faɗa ba yana raye, yau zan faɗe shi a titi, a gaban mai keke? Ga shi kuma sunan suruki? Aikin ido aka yi mini, ba a cire mini kunya ba."

Mai keken ya yi dariya har da dukan sitiyari. Ya yi mana kirki, ya ƙara zagaye ɗaya, sannan ya ce shi fa yana da 'yan makarantar da zai ɗauko. Ya sauke mu a gindin wata bishiyar dogon yaro, kusa da tarin bulo, ya yi mana fatan alheri.

Kaka ta lalubi bulo ta zauna. "Ja'ira, kin ɓatar da mu ko?"

"A'a, mun kusa."

"Uwarki ta ce gidan gabas yake da titin Zariya, ba nisa. Mu yi gabas."

Na ɗaga kai na dubi sama. Rana tana tsakar ka, gajimare ya fara lulluɓe ta.

"Ba ki ji ba ne?"

"Kaka, ina ne gabas ɗin?"

Ta yi salati mai tsawo. "Jikar Malam guda! Ba iskar nan da ke bugun kuncina ba? Hadari ne yake haɗowa, kuma hadari daga ina yake tasowa in ba gabas ba? Wai ba ke ce aka ce kina tuƙa jirgi a waya ba?"

Na duba inda iskar take fitowa. Sama ta yi baƙi ƙirin a can ƙasa-ƙasa. Sai maganar nas ta faɗo mini: ko ɗigo. Ba mu da lema. Kaka kuma ba ta iya sauri, taku ɗaya sai ta laluba na biyu. Na ce a raina in na ruga ni kaɗai zan gane gidan da ido, in dawo da Inna da lema kafin ruwa ya sauko. Na ce, "Kaka, zauna nan, kada ki motsa. Minti biyar."

"Kada ki bar ni, 'yar nan."

Wannan maganar ce har yau take dawo mini. Ba da wasa ta faɗe ta ba. Na ji, na kuma tafi.

Amma kada a ce ban yi aiki da ilimi ba. Kafin in tafi na tsaya na kama duwatsun murhuna guda uku, kamar yadda na koya wa mata a guruf: jan get a hannun dama, baƙin tankin ruwa a kan ƙarfe a hannun hagu, da wata tifa mai yashi a tsaye a bakin kwana. Har wani daɗi na ji a raina.

Na shiga layi na farko, na karya na biyu, na uku ya ƙare a gonar masara. Na juyo. A nan Katabu ta nuna mini cewa duk mai gina sabon gida wurin maƙeri ɗaya yake zuwa. Kowane get ja ne. Kowane gida da baƙin tanki a kan ƙarfe. Tifa kuwa, da yake mota ce, ta juye yashinta ta tafi. Ni da na rubuta shafi guda kan cewa ba a kafa alama da abin da ke tafiya.

Daga nan ba gidan Inna nake nema ba, Kaka nake nema. Na hango dogon yaro, na ruga, ga tarin bulo, ba kowa. Na ce ba shi ba ne. Na ruga wani, shi ba bulo. Na dawo na farkon, ko wani mai kama da shi, ba kowa. Iska ta taso da ƙarfi, ledoji suna tashi sama, ana ta rufe tagogi. A unguwar ko'ina ramuka ne, na harsashin gini da na masai da aka haƙa ba a rufe ba, duk cike da ruwan sama, kore shar. Na fara leƙa su ɗaya bayan ɗaya. Ban san lokacin da na yanke shawarar yin haka ba, na dai tsinci kaina a durƙushe a bakin rami ina neman farin mayafi. Ina kiran "Kaka! Kaka!" muryar tana fita kamar ba tawa ba. Silifas ɗina ɗaya ya maƙale a taɓo, ban tsaya ba. Na tambayi wasu magina da ke tattara kayan aiki ko sun ga tsohuwa da ido a ɗaure, suka ce ba su lura ba. Duk labarin da na taɓa ji na mutanen da aka ɗauke a hanyar nan ya dawo mini. Na ga fuskar Umma. Na shirya yadda zan faɗa mata, na kasa samun kalmar farko.

An yi kiran azahar ina gudu, an idar ina gudu. Yayyafin da iska take watsowa ya juye ruwa, wani ɗigo ya faɗo mini a goshi, mai nauyi, mai sanyi. Na tsaya cak a tsakiyar layi. Ko tana nan zaune a wani wuri, ruwan nan zai same ta, kuma ba za ta san inda za ta fake ba.

Sai lasifikar masallaci ta yi ƙara, aka hura ta sau biyu.

"Assalamu alaikum jama'a. Cigiya, don Allah. Wata dattijuwa tana cigiyar jikarta."

Ban ma gane da ni ake ba sai da ya ci gaba.

"Budurwa ce babba, ba yarinya ba. Tana sanye da hijabi ruwan toka, tana riƙe da waya marar caji. An ce tana da wushirya." Ya ɗan yi shiru, kamar ana faɗa masa wani abu daga gefe. "An ce kuma ba ta san gabas ba. Saboda haka wanda ya gan ta kada ya wahalar da kansa da kwatance, a samu mace ta riƙo hannunta, ta kawo ta gidan da ke jikin masallaci. Allah ya ba da lada."

Ya maimaita sau uku, don kada wani a Katabu ya ce bai ji ba.

Wata mata mai suyar awara tana kwashe kaskonta a wata rumfa kusa da ni. Ta dube ni daga hijabi zuwa ƙafata ɗaya marar takalmi, ta dubi wayar da na ƙanƙame.

"Baiwar Allah, ɗan buɗe bakinki in gani."

Na buɗe. Ina kuka, ruwa yana dukana, na wage baki a titi kamar akuyar da ake dubawa a kasuwa.

"Ke ce," in ji ta. Ta riƙo hannuna kamar yadda aka ce.

Gidan yana kallon dogon yaron nan na farko, wanda na zo gindinsa sau biyu na ce ba shi ba ne. Matar gidan ta leƙo kwashe shanya ne ta hango tsohuwa ita kaɗai a kan bulo, ido a ɗaure, ga hadari. Ta fito ta shigar da ita, ta ba ta kujera, ta kawo mata dutse ta yi taimama, ta yi sallarta a zaune. Da mai gidan zai tafi masallaci, Kaka da kanta ta tsara masa abin da ladan zai faɗa. Ashe tun a mota ta ji ina hura wa wayar iska, ta gane ta mutu.

Na same ta a falo a kan kujerar roba, da kofin kunu a hannu. Na zube a gabanta na rungume gwiwoyinta. Na ci gaba da kuka.

"To, to, ya isa," in ji ta, tana ture kaina. "Matsa can. Abin da ruwan sama bai yi wa idon nan ba, kada hawayenki su yi masa." Amma hannun da take ture ni da shi bai saki hijabina ba.

Na ɗago na dubi fuskarta. Gefen filastar ya ɗage, audugar ta yi ɗan duhu daga ƙasa. Matar gidan ta ce iska ta watsa musu yayyafi da yashi kafin su kai ƙofa, ta dai kare ta da mayafinta iya iyawarta. Ko ruwan ya shiga, ko bai shiga ba, ba mai iya cewa, kuma an hana mu buɗewa.

Ba wuta a unguwar, balle in sa caji. Da matar ta ji matsalar sunan, ba ta ko yi mamaki ba. Ta ja kujera kusa da Kaka ta ce, "Iya, ba sai kin faɗa ba. Ni zan riƙa kira, ke dai ki saurara." Ta fara jero sunayen maza ɗaya bayan ɗaya. Kaka tana cewa a'a, a'a, Allah ya kiyaye, a'a. Da aka zo kan wani suna sai ta yi shiru, ta ja mayafi ta rufe baki kamar amarya.

"Au!" in ji matar gidan. "Ma'aikacin hukumar ruwa, waɗanda suka tare bayan babbar salla? Matarsa mai fara'a? Ai ga gidansu nan a bayanmu, katangarmu ɗaya."

Dabarar da ta ɗauke ta minti biyu ke nan. Da ruwa ya tsagaita ta leƙa ta katanga ta ƙwala wa Inna kira.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ji cigiyar sarai tana kicin, har ta ce a ranta Allah sarki, ko 'yar wace ce. Ta dubi audugar ta daɗe, ta ƙara filasta a gefen, ta ce sai dai goben. Kaka ta hana a gaya wa Umma, wai ita ce ta matsa a taho. Har yau Umma ta ɗauka mun ɗan yi ɓatan kai ne na minti goma. Guruf kuwa ban sake tura ko layi ɗaya ba. Na bar mutanena a tsakiyar lungu, jagaba tana ƙirga numfashi. Matar Doka ta rubuto sau biyu tana tambaya ko lafiya. Na fara amsa mata na goge.

Washegari Yaya ya kai mu asibiti, ni a baya, ba a nemi shawarata kan hanya ba. Aka zaunar da Kaka, nas ɗin jiya ta zo da almakashi da auduga. Ta ga filastar da aka ƙara, ta dube ni. Na dubi ƙasa. Ta ɓare a hankali, ta goge gefen idon, likita ya haska ɗan fitilarsa ya daɗe yana dubawa. Ni dai ina tsaye a jikin bango.

"Ya ɗan yi ja," in ji shi, "amma wurin aikin lafiya lau. Hajiya, buɗe a hankali. Me kike gani?"

Kaka ta yi ta ƙifta ido, hawaye yana zuba. "Haske. Da wani abu fari, ko kai ne?"

"Ni ne. To bari mu gwada." Ya waiwayo ya yafito ni. "Zo nan, tsaya a gabanta. Ɗaga mata yatsu, ta faɗa mana ko nawa ne."

Na matso. Na ɗaga biyu. Kaka ta karkata kai, ta ƙura wa hannuna sabon idonta, ta daɗe.

"Likita," ta ce, "idon nan yana gani. Amma ka ce da yarinyar nan ta tsayar da hannunta wuri ɗaya. In ta ci gaba da karkarwa haka, zan ce maka takwas ne, ka sake kwantar da ni a banza."